Hagada: littafin da ake karantawa da yunwa a ciki

Yahudawa suna da wani ɗan littafi da ba a majami'a ake karanta shi ba. Wurinsa teburin cin abinci ne, lokacinsa kuma daren 15 ga watan Nisan na kalandarsu, daren farko na Idin Ƙetarewa, idin tunawa da fitar Bani Isra'ila daga Masar, wanda kan faɗo a Maris ko Afrilu. Sunan littafin Hagada, zaman da ake yi da shi kuma Seder. Na halarci irin wannan zama a Manchester, a gidan wani malamin jami'a da muke ofis ɗaya da shi lokacin da nake ƙaro karatu a Ingila. Kakanninsa daga Lituwaniya suka zo, matarsa kuwa 'yar Yahudawan Maroko ce, mahaifiyarta ma tana zaune tare da su, tsohuwa mai ran ƙarfe da aka haifa a Fas. Labarin da ake taruwa dominsa na san shi tun ina makarantar allo: Annabi Musa, Fir'auna, sanda, tsagewar teku. Abin da na je gani shi ne yadda masu abin suke bayar da shi.

Aiki yakan fara tun kafin daren. Duk tsawon idin, kwana bakwai a Isra'ila, takwas a sauran ƙasashe, ba a ci kuma ba a ajiye duk wani abu na alkama, sha'ir da danginsu da ya kumbura. Hamets suke ce masa, kuma burodi, biskit da taliya duk sun shiga ciki. Da na leƙa gidan ana gobe idi, na tarar an kulle tukwane da kwanukan yau da kullum a kabad, an sauko da wasu daga saman silin waɗanda sau ɗaya a shekara suke ganin rana, an lulluɓe kantar kicin da takardar alminiyam. Da dare ya yi uwargida ta naɗe gutsattsarin burodi guda goma ta ɓoɓɓoye a ɗakuna. Aka kashe fitilu, maigida ya kunna kyandir, ya riƙe gashin tsuntsu da cokalin katako, yara na biye da shi suna leƙa ƙarƙashin kujeru. Tara suka fito nan da nan. Na goman ita kanta mai ɓoyewar ta manta inda ta sa shi, sai fitilar waya ce ta tono shi a bayan labule. Maigida ya karanta wata gajeriyar shela da Aramanci, wani tsohon harshe ɗan'uwan Ibrananci, cewa duk hamets ɗin da ya rage wanda idonsa bai kai gare shi ba ya zama banza, tamkar ƙurar ƙasa. Da safe suka ƙone gutsattsarin a lambun gidan.

A cikin kwalin da aka sauko da shi tare da kwanukan na fara ganin littattafan, kuma da wuya ka sami biyu bugu ɗaya. Akwai mai hotuna na yara, akwai mai sharhi a gefe wanda maigida yake ji da shi, akwai na surukarsa mai fassarar Faransanci, bangonsa ya rabu an ɗaure shi da roba. Wanda aka miƙo mini siriri ne mai shuɗin bango, ga sunan kamfanin kofi na Maxwell House a jiki. Tun 1932 kamfanin yake buga Hagada yana raba wa masu sayen kofinsa a Amurka, kuma abin da ya raba ya haura kwafi miliyan 50. Asalin abin neman kasuwa ne: Yahudawan Gabashin Turai ba sa cin wake da shinkafa a kwanakin idin, da yawansu kuma sun ɗauka ƙwayar kofi dangin wake ce, sai da wani malaminsu ya tabbatar ƙwallon ɗan itace ce. Da wannan bugun Barack Obama ya yi Seder a fadar White House a 2009. Daga dama ake buɗe littafin, irin na Larabci. Ina buɗewa ɓurɓushin gurasar bara ya zubo mini a cinya, kuma kusan kowane shafi da tabon ruwan inabi. Ba wanda ya damu.

Ba a farawa sai taurari sun fito, a Manchester kuwa cikin Afrilu sai wajen tara saura. A tsakiyar tebur akwai faranti mai gurabe shida: gasasshen ƙashin ƙafar rago, gasasshen ƙwai, ɗanyen ganye, latas, wata farar saiwa da aka goga, da wani kwaɓi mai zaƙi da suke kira haroset. A gefe ga matsa guda uku an rufe da kyalle. Matsa gurasa ce ta gari da ruwa kawai, busasshiya ƙayau, daga zuba ruwa a garin zuwa fitar da ita daga tanda ba a wuce minti 18, don kada ta sami damar kumbura. Kofi huɗu na giyar inabi ake sha a daren, amma ni da yara ruwan inabi marar sa maye aka saya mana. Tsohuwa ta turo mini wani ƙaramin kwano na haroset ta ce, "Ɗana, naka ke nan. Da dabino na yi maka, ba giya a ciki." Nasu na tuffa ne da kirfa da giya, irin na dangin maigida.

Zaman yana da matakai 15, kuma da waƙe su ake farawa, don kowa ya san inda aka dosa. Maigida ya yi addu'a a kan kofin farko, muka sha muna kishingiɗe ta hagu a kan matashi, domin a zamanin Rumawa 'ya'ya ne suke cin abinci a kishingiɗe, bawa ba ya samun wannan gatan. Aka zagayo da buta da kwano muka wanke hannu, ba tare da addu'ar da suka saba yi ba. Kowa ya tsoma ɗan ganye a ruwan gishiri, wanda ke tuna hawayen bauta, ya ci. Na gyara zama ina jiran abin da zai biyo baya. Ba abin da ya biyo baya. Na tambayi na kusa da ni dalilin wanke hannu don ganye ɗaya tal, ya ce, "Don yara su tambaya." Na ɗauka zolaya ce, ashe amsar da malamansu suke bayarwa ke nan tun zamanin da. An shirya daren ne da gangan da abubuwan da ba a saba ba, domin yaro ya kasa haƙuri ya buɗe baki.

Maigida ya karya matsa ta tsakiya, ya naɗe ɓangare mafi girma a adiko ya je ya ɓoye. Wannan shi ne afikoman, za a neme shi can gaba. Sai tsohuwa ta miƙe ta ɗauki farantin nan, tana zagayawa tana juya shi a saman kan kowa, tana rera wani baiti mai cewa da gaggawa muka fita daga Masar. Al'adar Yahudawan Maroko ce, dangin maigida ba su san ta ba, amma ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba. Bayan nan aka buɗe matsa aka karanta da Aramanci: wannan ce gurasar wahala da kakanninmu suka ci a ƙasar Masar, duk mai jin yunwa ya zo ya ci.

Autar gidan, yarinya 'yar shekara shida, ta hau kan kujera ta tsaya. Sati da satittika tana bitar wannan. Ta rera tambayoyi huɗu da Ibrananci, muryarta na rawa a farko: me ya bambanta wannan dare da sauran darare? Kullum muna cin gurasa kowace iri, yau sai matsa. Kullum muna cin ganye iri-iri, yau mai ɗaci. Kullum ba ma tsoma abinci ko sau ɗaya, yau sau biyu. Kullum a zaune ko a kishingiɗe, yau duk a kishingiɗe. Waɗannan tambayoyin suna daga cikin mafi tsufa a littafin. Asalinsu yana babi na goma na Pesahim a cikin Mishna, kundin hukunce-hukuncen da aka tattara wajen shekara ta 200 Miladiyya. A can akwai tambaya kan dalilin cin gasasshen nama kaɗai a wannan dare, amma daga baya ta faɗi, ta kishingiɗa ta maye gurbinta. Dalilin faɗuwarta shi ne dalilin samuwar littafin baki ɗaya. A da, ana yanka ɗan rago a Haikalin Ƙudus ne, iyali su gasa su ci a cikin birnin. Da Rumawa suka rushe Haikalin a shekara ta 70, yankan ya tsaya, sai malamai suka kwaso ibadar suka dawo da ita cikin gida, magana ta tsaya a madadin hadaya. Ƙashin nan da ke kan faranti shi ne abin da ya rage na ragon, kuma ba mai taɓa shi.

To, an yi tambaya, sai amsa. Nan ne littafin ya ba ni mamaki. Jimla ɗaya ya yi, cewa bayi muka kasance ga Fir'auna a Masar, Ubangiji ya fitar da mu, sai ya saki hanya. Ya kawo labarin malamai biyar, cikinsu har da Akiba da Tarfon, da suka kwana a garin Bene Barak suna tattauna fitar Masar har almajiransu suka zo suka ce musu lokacin addu'ar asuba ya yi. Ya kawo 'ya'ya huɗu: mai hikima, mugu, mai sauƙin kai, da wanda bai ma san yadda ake tambaya ba, kowanne da irin amsar da ta dace da shi. Mugun laifinsa shi ne ya ce mece ce wannan ibada a wurinku, wato ya cire kansa daga cikin jama'a, kuma littafin ya ce a mayar masa da martani mai zafi. A nan gardama ta ɓarke. Babbar 'yar gidan, ɗalibar jami'a, ta ce shi kaɗai ne ya yi tambayar gaske a cikinsu. Kawunta ya ce rashin kunya ce ba tambaya ba. Maigida ya bar su suka yi mai isarsu, sannan ya ce ko ba komai dai an ba shi kujera a teburin, ba a kore shi ba.

Zuciyar karatun ayoyi huɗu ne kacal daga littafin Maimaitawar Shari'a na cikin Attaura, sura ta 26, aya ta 5 zuwa ta 8. Asalinsu furucin manomi ne idan ya kawo nunan farin gonarsa Haikali: kakana ya gangara Masar da mutane kaɗan, suka yi yawa, aka wahalar da mu, muka yi kuka, aka fitar da mu. Hagada takan ɗauki gaɓa ɗaya ta aya, kalma biyu ko uku, ta warware ta da wata ayar, sannan ta ɗauki ta gaba, kamar yadda alaramma yake jan baƙi malam yana warwarewa a tafsirin azumi. Karatun zagayawa yake yi, kowa da sakin layinsa, mai iya Ibrananci ya yi da shi, wanda bai iya ba ya yi da Turanci. Tunda littattafan ba bugu ɗaya ba ne, duk bayan ɗan lokaci sai ka ji wani ya ce shafi na nawa muke, a ba shi amsa uku mabambanta.

Duk wannan lokacin sunan Annabi Musa nake jira. A Alƙur'ani babu annabin da aka ambaci sunansa da yawa kamarsa, kuma ban taɓa jin labarin Fir'auna ba tare da shi ba. Amma ga mu mun yi nisa, ba jariri a cikin akwati a kan kogi, ba kiran da aka yi masa a kwarin Ɗuwa, ba gasa da matsafa. Maimakon haka littafin cewa ya yi Ubangiji ne ya fitar da su, ba ta hannun mala'ika ba, ba ta hannun ɗan aike ba, Shi da kansa. Da na kasa daurewa na tambaya, fuskar maigida ta washe, don baƙo ya faɗa tarkon da aka ɗana wa yara. Ya ce amsar da aka fi bayarwa ita ce an yi haka ne don kada a jingina ceton ga ɗan'adam, kowane irin girma gare shi. Wannan amsa ba baƙuwa ba ce ga kunnen Musulmi. Amma ni abin da na lura da shi a wurin shi ne, da aka janye gwarzon labarin, sai gurbin ya koma kan masu zaman. Can gaba kaɗan littafin ya faɗe shi ƙarara: a kowane zamani wajibi ne mutum ya ɗauki kansa a matsayin wanda shi da ƙafarsa ya fito daga Masar. Shi ya sa ba ka jin "suka", sai "muka".

Annoba goma ake ƙirgawa: jini, kwaɗi, ƙwarƙwata, namun daji, mutuwar dabbobi, marurai, ƙanƙara, fara, duhu, mutuwar 'ya'yan fari. Alƙur'ani ayoyi tara ya ce an ba Musa, a Suratul A'araf kuma ya jero ambaliya, fara, ƙwarƙwata, kwaɗi da jini. Ana ambaton kowace annoba, kowa zai tsoma yatsa a kofinsa ya ɗiga ɗigo ɗaya a bakin faranti. Bayanin da aka yi mini shi ne cikakken kofi alamar cikakken farin ciki ne, kuma ba ya cika tunda Misirawa ma mutane ne kuma sun mutu. Daga nan wasu malamai uku na da suka shiga lissafi, wannan ya ce annobar da ta auku a teku 50 ce, wancan ya ce 200, Akiba ya ce 250. A tsakiyar wannan lissafin ne sunan Musa ya gifta sau ɗaya, cikin wata aya da aka kawo hujja, har na kusa wuce shi. Sai waƙar Dayenu, mai jero ni'imomi 15, bayan kowace a ce ko da a nan aka tsaya ya ishe mu. Wani baƙo ɗan asalin Iran ya zo da damin lawashin albasa, domin a wurinsu idan aka zo amshi sai a riƙa tsula wa juna, tunawa da bulalar masu gadin bayi. Yara suka sami abin da suke so. Kawun nan mai gardama ya fi kowa shan duka.

Goma ta wuce, cikina ya daɗe yana kiran ciroma. Aka sake wanke hannu, wannan karon da addu'a, kowa ya ci matsa shiru, ba ka jin komai sai ƙarar tauna. Sai maror, farar saiwar nan. Na ɗebi abin da na ga kowa ya ɗiba. Ba a harshe take kamawa ba, hanci take hawa ta wuce har ƙwaƙwalwa, kafin ka ankara hawaye na zuba. Na duba, duk teburin haka ake, tsohuwa na dariya tana share ido da bakin mayafi. Aka sake haɗa ta da matsa a ci tare, yadda malaminsu Hillel yake yi a zamanin da Haikali yake tsaye. Sannan aka rufe littafi aka kawo abinci: dafaffen ƙwai cikin ruwan gishiri, romon kaza da dunƙulen garin matsa, nama da dankali. Tsohuwa ta yi ƙorafin da aka ce duk shekara sai ta yi, cewa a Fas miyar ɗanyen wake ake sha a wannan dare, amma a gidan surukinta an haramta wake.

Muna cin abinci maigida ya ba ni tarihin littafin. Cikakken nassinsa mafi tsufa yana cikin kundin addu'o'i na Amram Gaon, shugaban makarantar Sura a Iraƙi a ƙarni na 9, sai na Sa'adiya Gaon, ɗan Fayyum ta Masar wanda ya fassara Attaura zuwa Larabci ya kuma rasu a 942. An kuma sami tsoffin gutsattsari a ɗakin ajiyar takardu na majami'ar Ben Ezra a tsohuwar Alƙahira. Da injin ɗab'i ya zo, bugun Prague na 1526 da na Amsterdam na 1695 suka zama abin koyi. Amma wanda ya tashi ya ɗauko mini kwafinsa shi ne Hagadar Sarayebo, babban birnin Bosniya. An rubuta ta da hannu a kan fata a yankin Barcelona wajen 1350, da zane-zane masu launi da ruwan zinariya. Ta bar Sifaniya da aka kori Yahudawa a 1492, a 1609 tana Italiya inda mai tace littattafai na Coci ya sa mata hannu ya bar ta, a 1894 wani iyali ya sayar da ita ga gidan tarihin Sarayebo. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu wani janar na Jamus ya zo karɓarta, sai mai kula da littattafan gidan, wani malami Musulmi mai suna Darwish Korkut, ya fice da ita a ɓoye, aka adana ta a wani ƙauyen Musulmi a kan duwatsu har yaƙi ya ƙare. A 1992 da aka yi wa birnin ƙawanya, ɗakin ajiyar banki ne ya tsare ta. Maigida ya buɗe wani shafi ya nuna mini da yatsa. Duk darajar nan tata, ga tabon giya a jiki. Wani ya yi ɓari a kanta a teburi ɗaruruwan shekaru da suka wuce.

Ba a rufe cin abinci sai da afikoman, kuma dole a ci shi kafin tsakar dare, daga shi ba a ƙara cin komai. Yara sun riga sun gano inda yake, suka ƙi bayarwa sai an yi ciniki. Aka daidaita a kan keke ga auta, bayan idi. Rabin na biyu na littafin ya fi sauri, don idanu sun yi nauyi. Aka cika wani kofi na musamman domin Annabi Ilyasu, aka tura yaro ya buɗe ƙofar gida, sanyin Manchester ya shigo, aka karanta wasu ayoyi na roƙon fushin Ubangiji a kan al'umman da suka cinye Yakubu. A tsakiyar zamanai aka ƙara su, lokacin da Yahudawan Turai suke shan kisa, kuma na ga babbar 'yar ta rufe bakinta ba ta karanta ba. Aka rera Zabura, aka sha kofi na huɗu, aka ce baɗi a Ƙudus. Wannan kalma ta girmi ƙasar Isra'ila da aka kafa a 1948 da ɗaruruwan shekaru, amma a yau ba mai jin ta bai tuna Falasɗinawa ba, kuma a teburin nan ma uba da 'ya ba su yarda da juna kan ma'anarta ba. Sun ɗan taɓa, uwargida ta raba su da ido. Ni baƙo ne, na ja bakina.

Waƙar ƙarshe ta ɗan akuya ce da uba ya saya da kuɗi biyu, kyanwa ta cinye shi, kare ya ciji kyanwa, sanda ta doki kare, wuta ta ƙone sanda, haka har mala'ikan mutuwa, har Ubangiji da ya gama da shi. A bugun Prague na 1590 ta fara fitowa cikin littafin. Kowane baiti sai an maimaito duk na baya, ana ƙara sauri, kowa da kukan dabbar da aka ba shi. Ni kare ya faɗo wa.

Washegari da dare suka sake yin komai daga farko, domin a wajen Isra'ila dare biyu ake yi. Wannan ban je ba. Wanda na je shi ne Mimuna, bikin Yahudawan Maroko a daren da idi ya ƙare. Tsohuwa ta ce mini a Fas maƙwabtansu Musulmi ne suke kawo musu garin alkama da man shanu a wannan dare, tunda gidan Bayahude ba gari a lokacin, don haka kada in kuskura in zo hannu rabbana. Na sayi ƙaramin buhun fulawa da kwalbar zuma na kai. Ta karɓa ta wuce kicin, ta kwaɓa ta soya mufleta, wata siririyar waina da ake shafa wa man shanu da zuma a naɗe, ta kuma sa ni tsayawa kusa da kasko ina miƙa wa baƙi da zafinta.